Yadda Za Ka Ladabtar da Agogon Baƙin Mai

Idan allurar agogon baƙin mai na tsohuwar motarka ta fara faɗuwa ƙasa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ta sake ɗaga maka hankali ba. Na koyo su daga Jika na Dutse Uku, mai ɗaukar nama daga mayankar Abattoir a wata fikof da wani Baturen kuza ya bari, sitiyarinta ma har yanzu a hannun dama yake.

1. Ɗora wa sanyi laifi

Kana Jos, me ya fi wannan sauƙi? Jika ya ce mutum ma da safe ba ya iya miƙewa, balle allura. Da rana ta take allurar tana nan kwance, sai ya ce sanyin ya riga ya shige ta.

2. Ƙwanƙwasa gilashin

Da ɗan yatsa tukuna, sannan da zobe. In ta motsa ka gyara. In ta ƙi, taurin kai ne.

3. Je wurin makanike, amma kada ka saurare shi

Nwabueze, makaniken Jika, ya kasa kunne a jikin injin, ya goge hannu, ya ce, “Oga Jika, allura ba ya ƙarya. Famfon mai ne ya gaji. Bar mota, mu buɗe shi.”

Ka ji fa. A bar mota a gareji, mahauta su ga Jika yana takawa da ƙafa kamar kowa? Ya yi godiya, ya ce zai dawo bayan Sallah. Kada ka faɗi wace Sallah.

4. Kula da mai zaman gaba

Nan ne haɗarin yake. Kubra matar Jika tana da tsohon ciki, kuma ba abin da ta roƙa sai abu ɗaya, ranar da naƙuda ta zo motar ta kai ta asibiti, domin haihuwarta ta fari ta sha wuya ƙwarai. Duk shigarta motar idonta na kan allurar. Ba ta san inji ba, amma ta san abin da ya kwanta ba lafiya ba.

5. Gyara na gaskiya

Cire gilashin, ɗaga allurar zuwa tsakiya, ɗiga mata gam. Da Kubra ta gani ta yi hamdala, ta sa wa Jika albarka, har ta aika wa Nwabueze da kwanon masa, a zatonta shi ya gyara. Jika ya ji kunya, amma ba ta kai ta hana shi cin tasa ba.

6. Ranar gwaji

Da hantsi naƙudar ta zo, ana yayyafi. Suna hanyar asibiti, a tsakiyar hawa injin ya yi ƙara kamar ana daka a turmi, ya yi hayaƙi, ya tsaya. Jika ya murɗa makulli har ya lanƙwashe, ya fita yana tare motoci, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Wata mai gasa masara a bakin hanya, Firisila, ita ta bar wutarta ta kira mata, suka kare fikof ɗin da zannuwa. A nan aka haifi yarinyar, inda ake jibge nama.

Da aka bar shi ya leƙa, Kubra ba ta yi faɗa ba. A hankali ta ce, “Malam, duba mini agogon nan naka, ka gaya mini ko ina lafiya.”

Ya duba kuwa. Allurar na tsakiya.

A kula: ni allura na ce zan gyara maka, kuma ta gyaru. Inji, da matarka, da yadda za ka iya haɗa ido da ita daga yau, babu ruwana.