Yaƙin Guguwa da Ƙahon Sarkin Baka

Da sunan Mai Sama muke buɗe tarihin Sarkin Baka Tunau, ɗan Gagarau mai kwana a ramin kura, jikan Barmo wanda aka ce ya mari ɓauna ta ba shi haƙuri, ma'abocin ƙahon farauta na Tungar Maje, kuma mamallakin Guguwa, karen da duniya ba ta ga irinsa ba.

Asalin al'amarin, tsohon karensa ne ya mutu, ga farautar shekara ta ƙarato. Al'adar Tungar Maje kuwa ba ta da kunya: wanda karensa ya soma kama nama ranar fita, shi ke riƙe ƙaho har baɗi. Cindo mai manyan karnuka ya daɗe yana lasar baki. Sai Kande, 'yar Sarkin Baka da ke aiki a Abuja, ta bugo waya ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, na samo maka kare ɗan ƙasar waje." Kafin motar da ta ɗauko shi ta iso, Tunau ya riga ya cika majalisa da labarin wani dodo mai kai kamar turmi.

Da aka buɗe kwandon da aka kawo shi a ciki, wayyo! Wani ɗan curin gashi ne ya leƙo, idanu ƙwala-ƙwala, da jan ƙyalle a wuya, bai kai zakara ba. Tunau ya daure ya ce kwikwiyo ne, zai girma. Ya raɗa masa Guguwa, ya ɗura masa romo, ya ɗura masa madara, ya rataya masa layar da ta kusa rinjayarsa. Ina! Ashe iyakar halittar ke nan. Ga kishi, kowa ya matso kusa da maigida sai haushi, ga shagwaɓa, ba ya barci sai a cinya.

Ranar gumurzu rundunoni suka yi sahu, gora da adda suna walƙiya, ƙasa ta girgiza da kirari. Sadaukin sadaukai Guguwa ya taka ƙaya ɗaya, ya ɗaga ƙafa, ya ce shi kam ya gama tafiya. Haka Sarkin Baka ya cusa shi a burgami, kai a waje, ya shiga daji yana jin dariyar Cindo a bayansa kamar ana watsa masa barkono.

"Sarki, jaka ka kawo farauta ko jariri?" in ji Cindo.

Wallahi zuciyar Tunau ta karye, don ƙahon nan daga hannun kakansa ya gado shi.

Ana cikin haka, kafin manyan karnuka su shinshino ko zomo, sai ga wani ƙasurgumin babe, shugaban farin jeji, ya diro kan bakin burgami. Subhanallahi! Nan jinin mazaje ya motsa. Guguwa ya yi kukan kura, ya tsuma, ya yi tsalle ya faɗo ƙasa tare da abokin gaba, ƙura ta tashi har ta kai idon sawu.

"Guguwa mai tumɓuke kuka! Kama shi, na Kande!" Sarkin Baka ya kurma ihu.

Aka yi ta dambatawa, babe na harbi, Guguwa na atishawa, har Allah Ya ba mai rabo sa'a. Ya ajiye gawar a kan takalmin maigidansa yana kaɗa wutsiya.

Cindo ya yi tsalle ya dire ya ce fara ba nama ba ce. Dattawa suka zauna shari'a a gindin marke. Babbansu ya dube shi ya ce, "Kai Cindo, jiya me na gan ka kana ci da yaji a bakin kasuwa?" Magana ta ƙare.

Sarkin Baka ya ɗaga ƙahon kakanninsa, ya cika kumatu, ya busa busar nasara. Jarumi Guguwa ya zabura, ya faɗa burgami yana makyarkyata, ya jiƙa shi sharkaf da fitsari.

Ƙaho dai yana nan rataye a zauren Tunau har yau, amma ba a ƙara busa shi ba. In an tambaya, sai ya shafa ɗan curin da ke minshari a cinyarsa ya ce, "Ku yi a hankali, yaron ba ya son ƙara."