Rasuwar Igiyar Shanyarmu ta Baranda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kwando mai cike da jiƙaƙƙen wanki, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar igiyar shanyarmu, wadda ta bar mu ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara tana hidima.

Marigayiyar asalinta wayar tarho ce. Ni na zaro ta daga bangon matattakalar bene lokacin da kowa ya koma wayar hannu, na ce wa maiɗakina sayo ta na yi. Igiyar nan, baiwar Allah, ba ta taɓa tona mini asiri ba. Ta ɗauki bargo, ta ɗauki labule, ta ɗauki wandon surukina da sai mutum biyu ke matse shi, ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai ɗan "ƙiii" in iska ta taso.

Jinyarta ta fara ne ranar da ma'aikatan intanet suka zo ginin namu suka ce ba sai an fasa bango ba, ta tsofaffin wayoyin tarho za su tura wa kowa intanet mai gudu. Hawa na ɗaya ya samu, namu na biyu ya samu, na uku shiru. Kwana shida ɗalibar jinya ta hawa na uku tana saukowa bakin ƙofata da kwamfutarta ta kama intanet ɗinmu don karatun jarrabawa, ni kuwa ina taya ta zagin kamfani, har na fi ta ɗaga murya. Rana ta bakwai wani dogon ma'aikaci ya ɗaga kai, ya ƙura wa singiletina da ke shanye a baranda ido, ya hau ya karanta lambar da ke jikin igiyar, ashe wayar hawa na uku ce na zaro. Nan take rai ya yi halinsa. Wallahi na ji kunya.

Ta rasu ta bar ƙusoshi biyu, da tawul ɗaya da bai bushe ba, da maiɗaki wadda tun ranar ba ta kirana da komai sai "injiniya".

Za a binne ta gobe da ƙarfe goma na safe a cikin bangon da aka zaro ta. Ni zan riƙe tsani. Mutanen hawa na uku sun ce dukansu za su halarta, kuma ban ga alamar ta'aziyya a fuskokinsu ba. Ina roƙon duk mai zuwa gaisuwa ya haɗa da addu'ar ɗalibar nan ta ci jarrabawarta ta jibi, don in ta faɗi, a kabari ɗaya za a haɗa mu da marigayiyar.