Igiyar da Ban Saya Ba

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dutse a Libiya da babbar riga da takalmin Italiya ba. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau in na tuna sai tafin ƙafata ya yi sanyi.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin fetur ke yawo a Sabha, har leburan da ya sauka jiya ma yana rataye da rediyo mai kaset. Ni kuwa na fi lebura gata. Tafinta nake yi wa wani kamfanin gine-gine a unguwar Gurda, da ɗan Turancin da na tsinto a sakandare kafin in gudu daga aji uku. Kamfanin ne ya yi min iƙama, wato takardar izinin zama. In aka kore ka daga aiki iƙamarka ta mutu, abin da ke biyo baya kuwa motar 'yan sanda ce. Da idona na ga an loda abokan kwanana biyu a cikinta, ko kayansu ba a bari sun ɗauka ba. Saboda haka a lokacin babu abin da nake tsoro a duniya kamar kora.

Maigidana wani dogon Bature ne mai jan wuya, kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci. Wata rana ya ce za mu hau wani dutse a hanyar Ubari, tafiyar awa uku a mota, zai duba ko za a iya kafa ƙarfen sadarwa a samansa. Ya ce in nemo jagora, in tsara duk abin da tafiyar take bukata. Kafin ya rufe baki na sanar da shi cewa hawan dutse a jinina yake, tun ina yaro nake hawa Dala a Kano (ban dai gaya masa cewa har tsofaffi masu dogara sanda suna hawa Dala ba).

A unguwar Tayuri na samo Baba Agali, wani dattijon Buzu da aka ce babu dutsen yankin da bai taka ba. Baƙin rawaninsa ya naɗe kai da fuska, idanu kaɗai ake gani. Ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawali yake shigar da kofin. Maƙwabcinsa ya raɗa min cewa a wurinsu babban mutum ya buɗe fuska a gaban jama'a daidai yake da tuɓe wando a kasuwa. Sai da muka sha kofi na uku ya yarda aka yi maganar aiki. Ladansa dinari goma a rana. A zo da jarka huɗu ta ruwa, fetur na zuwa da dawowa har da ƙari, dabino, shayi da sukari, takardar izinin fita gari daga ofishin 'yan sanda, takalmin taya ga kowa, sai igiya mai kauri gaba ashirin. Igiyar nan sau biyu ya maimaita ta, ya ce tasa ta raƙumi ta tsufa, ba zai rataya ran mutum a jikinta ba.

Muhandis ya ba ni kuɗin komai ba tare da ya nemi ragi ba. Na sayi komai kuwa, har na zo kan igiya. Dinari sha biyu aka ce min. Igiya fa! A shagon da ke kusa kuma ga wani takalmin Italiya baƙi wul, yana sheƙi a bayan gilashi, kusan kuɗinsu ɗaya. Ku fahimce ni: a zamanin nan duk ɗan ci-rani hoto yake aikawa gida, yawanci a jingine da motar da ba tasa ba. Muhandis kuwa ba ya rabuwa da kyamara. Na hango kaina a ƙololuwar dutse cikin farar shaddata ta sallah, ana bi da hoton ɗaki-ɗaki a gidanmu na Fagge. Na tambayi kaina, wa ya taɓa hawa Dala da igiya? Na fito da takalmi a leda, kuɗin igiya da na takalmin taya nawa na haɗa na biya.

Da safen tafiya Baba Agali ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Bakano, biki za ka tahi?"

Na yi dariya. Ya tambayi igiya, na nuna buhun kaya na ce tana ciki. Bai buɗe ba, ya saɓa shi a kafaɗa.

Awar farko ta hawan ba laifi, in ban da santsin da takalmin yake yi a kan baƙin dutsen, da sitatin shadda da ya fara yanka min wuya. Daga nan muka iso wani wuri da hanyar ta tsuke ta koma faɗin dardumar salla. Hagu bango ne miƙe, dama kuwa babu komai. Tsawon wurin bai fi taku goma sha biyu ba. Baba Agali ya wuce kamar yana tafiya a tsakar gidansa, Muhandis ya bi shi a hankali. Na shiga nawa. A taku na biyar ƙafar dama ta zame, takalmin ya fice. Na saurara in ji faɗuwarsa, ban ji ba. Sai na yi kuskuren leƙawa. Motarmu na can ƙasa kamar kwalin ashana.

Na manne da bangon, kuncina a kan dutse mai zafi, yatsuna suna neman abin kamawa babu. Iska ta taso ta shiga babbar rigar ta cika ta fam, tana fizgata baya zuwa ramin. Duk fizga ɗaya sai in ji dugadugina ya ɗaga. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, tsoron da ke sa harshe ya bushe, kunne ya toshe. Na tabbata mutuwa zan yi, kuma ko gawata ba za a iya kai wa mahaifiyata ba. Na kama addu'a, duk wadda ta zo bakina, har da ta shiga banɗaki. Na yi wa Allah alkawarin azumin da har yau ban gama biya ba. Na kira Inna da ƙarfi, ni mai shekara ashirin da bakwai. Wandon shaddar ma bai tsira ba (kada ku tambaye ni ƙarin bayani).

Ta wutsiyar ido na ga Baba Agali ya sauke buhu a ɗaya gefen yana cewa in tsaya yadda nake, igiya na zuwa. Ya fito da dabino. Ya fito da sukari da butar shayi. Ya zazzage buhun gaba ɗaya. Sai ya ɗago ya dube ni.

Ya juya wa Muhandis baya, ya kai hannu kansa, ya fara warware rawanin. Naɗi bayan naɗi, har ƙyallen ya taru a gabansa. Ya ba Muhandis gefe ɗaya na rawanin ya riƙe a bayan wani dutse, ya tako zuwa wurina da ɗayan. Na ga fuskar da aka ce mutane ba sa gani: tsohuwar fuska ce ramammiya, shuni ya rina kumatunta, haƙora kaɗan suka rage. Yana ta ƙoƙarin rufe bakinsa da kafaɗa.

"Kar ka dube ni," ya ce. "Dubi bango."

Ya ɗaure min rawanin a ƙirji, ya yanke babbar rigar da wuƙa daga wuya ya sakar wa iska, ya sa na tuɓe ɗaya takalmin. Haka aka jawo ni taku bakwai, ido rufe, kamar ragon da ya ƙi shiga kasuwa.

A saman dutsen na zube daga ni sai singileti da jiƙaƙƙen wando. Baba Agali ya koma gefe ya mayar da rawaninsa, wanda dutse ya yaga wuri biyu. Muhandis kuwa wuyansa ya ƙara ja. Ya ce ya biya kuɗin igiya, yana son ya san inda take, kuma duk mai laifin a cikinmu aikinsa ya ƙare yau. Ya ce in tambayi jagoran. Mu uku ne a kan dutsen nan, kuma ni kaɗai nake jin harshen kowannensu. Wani sabon tsoro ya taso ya danne na farko, na fara ganin motar 'yan sanda. Na fassara tambayar kamar ban san amsarta ba.

Tsohon ya daɗe yana kallona ta tsakanin rawani.

"Ce mishi ni na mance ta gida."

"Baba…"

"Ni nan ƙasar na san ta, ba mai kora ta. Kai in ya kore ka, mota za su saka ka. Ce mishi."

Da na so in gaya muku cewa na ƙi, na miƙe tsaye na amsa laifina. Ban ƙi ba. Na faɗa, da Turanci mai tsabta irin wanda ban taɓa yi ba tun da nake. Muhandis ya yi ta faɗa yana nuna tsohon da yatsa, ya ce ya yanke rabin ladansa, kuma kamfanin ba zai sake ɗaukarsa ba. Na juya na ce wa Baba Agali wai Bature yana godiya.

"Na ga godiyar ga huskarshi," in ji shi. Ya tattara dabinonsa ya hura wutar shayi, ya miƙo min kofin farko.

Ta wata doguwar hanya muka sauko, ƙafafuna naɗe da yagaggen buhu. Da aka yi albashi na sayi sabon rawani, na haɗa da rabin ladan da aka yanke, na tafi Tayuri. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi neman aiki wajen garin Gat. Na koma sau uku, ban sake ganinsa ba. Ni kuwa na ƙara shekara huɗu a kamfanin, har da ƙarin albashi.

Tun daga ranar, in wanda ya san hanya ya ce a sayo abu, sayowa nake yi ko ban ga amfaninsa ba. Na kuma daina ba da labarin jarumtakata, tunda an auna ta sau biyu a yini ɗaya: a gefen dutse na jiƙa wando, a samansa na bar tsoho ya ɗauki laifina. Na farkon kaɗai 'ya'yana suka sani, shi suke yi wa dariya duk sallah. Na biyun yau na fara faɗa.