Ranar da na duba waldar garmar Baba

Ko na tsufa ba zan manta da hutun da muka gama aji uku na sakandare ba, hutun da na zama injiniya na kwana ɗaya.

Laifin malamin kimiyyarmu ne, wani Ba'indiye mai son burge ɗalibai. Ya kawo wani gilashi mai kusurwa uku, ya tara shi a rana, haske ya rabu kamar bakan gizo. Ya ce kowane ƙarfe idan ya ƙone yana da launinsa, kuma a manyan masana'antu akwai na'urar da ke kallon hasken walda ta gane ko datti ya shiga haɗin. 'Yan aji suna ta hamma, ni ina rubutawa. (Ni ce wadda ko sunana aka kira sai murya ta maƙale, amma littafina cike yake.)

Da na koma gida Maska, ruwan shuka ya sauka, sai garmar shanun Baba ta karye a wuya. Maƙwabta suna huɗa, namu shanun suna kwance. Baba ya ɗora ta a mota zuwa Funtua, na ce zan raka shi. Gilashin malam kuwa ba ni da shi, don haka na zare murfin kwalbar turaren Inna, mai kusurwoyi, na ƙulle a bakin mayafi. Na'urata ke nan.

Mai waldar Malam Rasaki ne, Bayarabe haifaffen Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa. Rigarsa duk ƙananan ramukan tartsatsi, ƙwayar idonsa ja. Ya rufe fuska da baƙin gilashi, ya ce kowa ya kau da kai. Manoman da ke jiran layi duk suka juya. Ni kaɗai, mai ilimi, na ɗaga murfin turare na ƙura wa wutar ido. Na ga ja, na ga shuɗi, na ga kore yana wulgawa. Zuciyata ta ce ai wannan koren shi ne dattin.

Bakin da ba ya iya gaida baƙi, ranar sai ya buɗe. Na ce wa Baba, yadda kowa zai ji, waldar nan ba za ta riƙe ba. Abin takaici, Baba ya yarda. Ya gyara hula, ya sanar wa jama'a cewa 'yarsa a sakandare take, ya ce a yanke a sake.

Malam Rasaki ya ɗaga gilashinsa ya dube ni. Ya gaya wa Baba cewa in aka yanke, to a kai wani wurin, shi ba ya aiki sau biyu saboda murfin kwalba. Ga layi, ga yamma tana yi, ga gona tana jira. Sannan ya miƙo mini guduma.

"Malama, bismilla. Mu tamu na'urar ke nan. In kin karya, na daina walda."

Na ɗaga da hannu biyu na buga. Gudumar ta yi tsalle, ta kuɓuce, ta faɗa cikin bokitin ruwa, ruwan tsatsa ya wanke mini zane. Garma ko gezau, sai wata ƙara mai daɗi da ta yi. Wani dattijo ya karɓi murfin ya kalli akuyar da ke ɗaure a gefe, ya ce ita ma ga kore a jikinta, a yanke ta a sake. Har wani mai tallan rake da ke wucewa sai da ya zauna don dariya.

Baba ya juya wurin Malam Rasaki. Ya ba da haƙuri, ya saɓi garmarsa. Muna tafiya Malam Rasaki ya kira shi.

"Alhaji, sai ka sayi madarar gwangwani. Injiniya za ta nema gobe."

Da safe idanuna suka kumbura kamar an zuba yashi, hawaye ba tsayawa. Kwana biyu ina kwance Inna tana ɗiga mini madara, ina jin Baba yana kora shanu gona da garmar da na ce ba za ta riƙe ba.

Yanzu na sani: in mai sana'a ya rufe fuska kafin ya kalli aikinsa, ni ma in rufe tawa, in haɗa da baki.