Tsakuwar da Ta Ce Akwai Ruwa

A wani gari, wai shi Tsaftsaf, an yi wani sarki mai suna Bagyara. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Hayaniya ce kawai ba ya so. Kullum ya fito zaman fada sai talakawa su yanyame shi, wannan rijiya, wancan hanya, waccan magani, har kansa ya ɗauki ciwo.

Wata shekara ya je taron manya a birni, ya dawo da dabara. Ya sa aka share filin ƙofar fada, aka haƙa gurabu jere-jere kamar na wasan dara. 'Yan boko suna ce wa tsarin matiriks, mutanen gari kuwa Babbar Dara suka sa masa. Kowace unguwa da layinta a kwance. Kowace buƙata, ruwa ne ko hanya ko makaranta, da layinta a tsaye. Inda layi biyu suka haɗu, nan gurbi yake. In da tsakuwa a ciki, unguwar tana da abin. In babu, babu.

"Daga yau," in ji sarki, "kada wanda ya sake gaya mini damuwarsa. Zan duba da kaina."

Aka naɗa Sarkin Kwance a kan layukan unguwanni, aka naɗa Sarkin Tsaye a kan na buƙatu. Doka kuma ta ce ba a sa tsakuwa, ba a cirewa, sai su biyun sun kama tare. Sun kuwa kama tare sau ɗaya, ranar ƙidaya, a tsakiyar Agusta, ana zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowace rijiya ta cika ta batse, kowace unguwa ta sami tsakuwarta. Washegari suka ɓata a kan wanda maroƙi zai fara ambata, tun daga ranar ba sa ga maciji.

Da bazara ta kama, rijiyar Unguwar Magina ta ƙafe. Magina su ne masu ginin tukwane da randuna, kuma yumɓu ba ya kwaɓuwa da yawu. Babbarsu, Inna Kuluwa, ta zura guga ya fito da yashi. Ta yafa mayafi, ta ɗauki gugan da yashinsa, ta nufi fada.

"Ranka ya daɗe, rijiyarmu ta ƙafe," ta ce wa Sarkin Kwance.

"Magina nawa ne, ga layinku can," ya ce. "Amma ruwa na wancan mutumin ne. Je ki wurinsa. Kada ki ce ni na aiko ki."

Ta tarar da Sarkin Tsaye a kishingiɗe yana cin goro.

"Ruwa nawa ne, ba musu," ya ce. "Magina ne ba nawa ba. Da ƙishirwa zalla kika zo mini da ita, ba unguwa a jikinta, da yanzu an gama."

"To, ranka ya daɗe, a ina zan ajiye unguwar?"

"Wannan tambayar Kwance ce."

Ta biya kasuwa ko za ta sami 'yan ga-ruwa. Ta tarar da kurarsu a jingine, jarkokin a kife.

"Inna, kasuwanci ya zama ilimi," in ji shugabansu. "Mun duba Dara, kowace unguwa da ruwanta. Wa zai sayi abin da yake da shi?"

"Ni zan saya, ɗan nan."

"Ke mutum ɗaya ce, Dara kuwa gari ce guda. Mu yanzu tsakuwa muke sayarwa. Akwai fara, akwai mai ratsin ja."

Maganar ta kai kunnen sarki. Da yake mai adalci ne, ya aika birni aka kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa. Waziri ya kwana biyu yana kwafe mata Dara gurbi-gurbi, sannan aka kira Inna Kuluwa, aka tambayi na'urar a gabanta ko akwai ruwa a Magina. Na'ura ta ce akwai.

"Kin dai ji," in ji Waziri. "Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba balle ta yi son kai."

"A ina ta ji?"

"A Dara."

"Ita Darar a ina ta ji?"

"Ga shi na'ura ta tabbatar mata."

A gefen sarki akwai wani masani da ake kira Shehu Wataƙila, wanda bai taɓa cewa e ko a'a ba. Ya shafa gemu ya ce, "Baiwar Allah, abin da zurfi. Wataƙila Dara ce garin na gaskiya, mu inuwarta ce. Wa ya tabbatar miki ƙishirwar nan ba mafarki ba ce?"

Inna Kuluwa ta miƙa masa gugan yashi. "Bismillah, Malam. Kurɓa ɗaya, a farka tare."

Shehu ya ce yana azumin nafila.

Ta koma gida. Yumɓun da ta tara ya tsage kamar kaushi. Matan unguwa suka fara tafiyar rabin yini zuwa kogi, su dawo da tulu ɗaya, rabi a ciki, rabi a kan zane.

Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, sarki yana zaune fada ta cika, sai aka ga tsohuwar ta tsallaka igiyar da aka kewaye Dara da ita. Ta bi layin Magina tana ƙirga gurabu da yatsan ƙafa. Da ta zo na ruwa ta sunkuya, ta ɗauke tsakuwar, ta ƙulle a bakin zanenta.

Sarki ya miƙe, ya leƙa, ya dafe ƙirji.

"Innalillahi! Magina ba su da ruwa! Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Alhamdu lillahi," in ji Inna Kuluwa, har da ƙwalla.

Waziri ya matso ya yi ƙasa da murya. "Allah ya ba ka nasara, jibi baƙin birni za su zo da lambar yabo. Garin da kowace unguwa ke da ruwa. An riga an ɗinka wa makaɗa riguna."

"A yashe rijiyar mana," in ji sarki.

"Aikin wata guda ne."

"A mayar da tsakuwar."

"Duk gari ya gani, ranka ya daɗe. Kuma ƙullin tsohuwa ne."

Nan ne Sarkin Tsaye ya tashi zaune, abin da aka daɗe ba a gani ba. "Layina ba shi da aibi," ya ce, "sai inda ya ratsa nasa."

Sarkin Kwance ya dube shi, karo na farko tun Agusta. "Ni ma layukan sun yi mini yawa."

Shehu Wataƙila ya gyara zama. "Gurbi ba ya zama wofi sai in akwai shi."

Aka kawo tsintsiya. Da yake doka ta ce sai su biyun, suka kama ta tare, kamar 'yan uwa, suka share layin Magina daga wannan gefe zuwa wancan. Jama'a suka yi ta sa albarka, an shirya manya. Waziri ya gyara wa na'ura, aka tambaye ta unguwa nawa ce ba ruwa. Ta ce babu.

"Ranka ya daɗe," in ji Inna Kuluwa, "mu fa?"

Sarki ya duba Dara daga sama har ƙasa, a tsanake, don ba ya son ya zalunci kowa.

"Waziri, wa ke magana?"

Baƙi suka zo ranar Lahadi, aka ci aka sha. A safiyar ne rijiyar Unguwar Maƙera ta fara ba da laka. Ɗaya daga cikin baƙin, mai son jin ta bakin talakawa, ya tsayar da wani tsohon maƙeri a bakin igiya.

"Baba, ku yaya ruwa a wajenku?"

Tsohon ya dubi shararren wurin da ke saman layinsu. Ya dubi tsintsiyar, tana nan jingine a bakin zaure. Ya yi ƙoƙarin haɗiyar yawu, bai samu ba.

"Ruwa?" ya ce. "Ai har ya yi mana yawa."