Abin da Hancina Ya Jawo wa Ladi

Ko na so in manta da bikin 'yar Ladi a Kafur, ba zan taɓa iyawa ba. Ladi aminiyata ce, Kirista, mun fi shekara ashirin muna koyarwa a firamare ɗaya a Malumfashi. Duk sha'anin gidanta ni ce uwar girki (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina).

Wata biyar kafin bikin, korona ta kwantar da ni da maigidana. Shi kwana goma ya miƙe ya koma gonar masararsa, har yana yi mini tsiya wai rakin mata ne. Ni kuwa na tashi da kasala da haki, ga hancina ya daina jin komai, ko daddawa. Wannan na ƙarshen ban gaya wa kowa ba. Uwar girki ba hanci? Ai sai a yi da ni a gari.

Ranar biki na makara, na tarar an riga an ɗora nama, baƙi har sun fara taɓa soyayye. Ina ɗaga murfin tukunya wani wari ya buge ni. Karo na farko ke nan tun ciwon da hancina ya ji wani abu, don haka na ɗauka ya warke, na kuwa yarda da shi. A tsakar gida cike da mata na buɗe baki na ce, "Ladi, wannan nama ai mushe ne!"

Maƙwabtanta Musulmi suka shiga ajiye kwanoni ɗaya bayan ɗaya. Ladi ta zo ta sunkuya ta shinshina tukunyar, ta ɗago idonta cike da hawaye.

"Malama, akuyoyina ne. Da safen nan na sa aka kai wa Liman ya yanka, don ke da su ku ci hankali kwance."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Naman lafiyarsa lau, kowa ya shinshina ya ce haka, amma maganar ta riga ta fita ƙofar gida.

Bayan mako guda wata nas a Funtua ta warware mini. Ta ce, "Hajiya, ragowar korona ce, takan juya ƙamshi ya koma wari. Ta fi daɗewa a jikin mata, balle masu shekarunki, ga ki da asma, ga jiki." Maigidana na gefe, bai ƙara ambatar raki ba.

Na je har gida na durƙusa wa Ladi. Ta ce, "Na yafe, Malama. Amma da kin gaya mini ba ki da lafiya, ai da ni zan riƙa shinshina miki." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, har yau in na tuna sai na yi kuka.

Na bi maƙwabtan gida-gida na yi bayani, wasu suka yarda. Duk da haka, da Kirsimeti ya zo ta aika musu abinci yadda ta saba, gida uku suka karɓi shinkafar suka mayar mata da naman.

Yanzu ciwona ba na ɓoye shi, har gundurar mutane nake da labarinsa. Duk abin da hancina ya gaya mini kuwa, sai na nemi shaidu biyu kafin in bar bakina ya sani.