Ranar da Na Kai Malamai Kallon Dorina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta watan Nuwamba, ranar da na kwashi shugaban makarantarmu da malamai biyar na kai su cikin ruwa kallon dorina. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a gaban allo nake, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Yelwa. Mu biyu ke koyar da darasin, ni da Malam Nasiru, wanda na riga kama aiki da shekara huɗu. Da aka kawo takardar wani kwas na wata biyu a Afirka ta Kudu, duka muka cike. Aka ɗauke shi, aka bar ni. Na je har gida na yi masa murna, na rungume shi, na yi masa addu'ar sauka lafiya (Allah ya yafe mini, baki ne kaɗai ya yi addu'ar, a hanyar komawa ko hirar mai kabu-kabu ban iya amsawa ba).

Ya dawo farkon zango da alewa, da turare, da kuma abin da ya hana ni sakat: wani bidiyo a wayarsa. A ƙarshen kwas ɗin an kai su bakin teku, sun shiga jirgi sun je kallon ƙaton kifin nan da Turawa ke ce wa wel, wanda ya fi tirela tsawo. A bidiyon sai ka ga ruwa ya tsage, halittar ta taso sama, ta faɗo da baya. Bai kai minti ɗaya ba, amma sai da ya yi sati uku yana yawo a ɗakin malamai. Ni ma na kalla, sau biyu, na taɓe baki. (Sau bakwai ne. Biyar ɗin a gida na yi su, bayan na sa wani ya turo mini.)

Abin haushin, Nasiru ba ya fariya. Da yana yi da na samu abin kamawa. A natse yake bayani cewa ganin wel ba sa'a kaɗai ba ce, sai ka zaɓi wuri da lokaci. A can, in ji shi, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba suke matsowa kusa da gaɓa don su haihu, kuma da safe ake fita kafin iska ta tayar da teku. In ka je a watan Maris, ruwa kawai za ka kalla ka dawo. Malamai sai gyaɗa kai suke. Shugaba ya sa ya maimaita bayanin a taron ɗalibai na ranar Litinin, daga nan ya fara zancen cewa ƙungiyar yawon buɗe ido ta makaranta tana bukatar sabon jini. Ni ne fa nake riƙe da ƙungiyar nan shekara shida.

Ranar da na ji haka ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai ba sai mutum ya hau jirgin sama zai ga abin mamaki a ruwa ba, mu nan muna da dorina. Na ce ni ɗan masunta ne daga wajen Wara, a cikin kwalekwale aka yaye ni, na san kowace kwana ta babban tafkin da ke yankinmu, na san inda dorina ke kwana da inda take kiwo. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗan masunta ne ni, amma tun ina shekara tara aka turo ni Yelwa karatu, kuma dorinar da na taɓa gani da idona a gidan namun daji na gan ta, a bayan shingen waya.

Nasiru ne ya fara cewa shi kam zai so ya gani. Shugaba ya ce makaranta za ta ba da mota. Kafin a tashi an sa rana.

Na buga wa Kawu waya, ƙanen Innata, wanda ke da jirgi mai inji a ƙauyenmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wanga lokaci ba na ganin dorina ba ne. Ruwa ya cika, ya shiga ciyawa, sun watse ko'ina. Ka bari sai bazara, ruwa ya ja, su taru wuri guda. Kuma da sassafe aka zuwa, a tsaya nesa, don ba abin wasa ba ne."

Shawara ce mai kyau, kuma kusan ita ce maganar da Nasiru ya yi a kan wel, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Bazara kuwa saura wata biyar, kafin nan an daɗe da miƙa masa ƙungiyata. Na ce wa Kawu shi dai ya tanadi mai, sauran ya bar mini, ai na karanta halayyar dabbobin ruwa a jami'a. Ya ce to, shi bai je jami'a ba.

Ran Asabar ba mu bar Yelwa ba sai wajen tara, don sai da muka jira shugaba ya karya. Muka isa bakin ruwa rana ta take. Ni na sha farar shadda da hula, na rataya abin hangen nesa na ɗakin gwaje-gwaje, wanda ido ɗaya kawai ke aiki. Kawu ya raba mana rigunan kariya, ya dubi shaddata, ya dubi rana, ya tayar da inji.

Awa uku muka yi muna zaga ruwa. Ni ne a gaban jirgi ina nuna hanya da hannu, Kawu yana bi. Na ce a nufi wancan tsibiri, muka je muka tarar ruwa ya shanye shi, sai kan itatuwa. Na ce a shiga waccan kwana, muka sami mata suna wanki. Malamar Turanci ta lulluɓe kai da mayafi. Malamin lissafi ya tambaye ni ko dorinar ma tana hutun Asabar. Shugaba yana ta duban agogo. Nasiru kaɗai ke jin daɗi, yana ɗaukar hoton tsuntsaye, yana tambayar Kawu sunayensu, Kawu yana amsa masa da fara'ar da ni bai yi mini ba tun safe. (Wato ya tafi da kwas ɗina, yana neman ƙungiyata, yanzu kuma ga shi zai tafi da kawuna.)

Shugaba ya buɗe baki zai ce a juya ke nan, sai na hango ta. Can gefen ciyawa, wani baƙin abu mai sheƙi, zagayayye, rabinsa cikin ruwa, da 'yan abubuwa biyu a samansa kamar kunnuwa. Yana motsi a hankali. A bayansa kuma ga wani ƙarami yana biye.

Na ɗaga hannu na ce a kashe inji. Kawu ya kashe, ya miƙa wuya ya duba, ya ce, "Malam, ai wancan..."

Na juya na ɗora yatsa a baki. Kawuna, wanda ya fi kowa a gidanmu sanin ruwa, wanda ya yi shekara arba'in a kansa, na ce masa ya yi shiru kada ya firgita ta. Ya yi shiru. Ya jawo rawaninsa ya rufe baki, na ga kafaɗunsa suna rawa, na ɗauka tsoro ne.

Daga nan na shiga darasi cikin raɗa. Na ce macece, ga ɗanta nan a baya, kuma babu dabbar da ta fi dorina mai jego haɗari. Na nuna musu kunnuwa. Na yi bayanin yadda take nitsewa ta daɗe ba ta fito ba. Muka ji wani gurnani daga wajen, kamar ana kakin majina, na ce to kun ji, numfashi take fitarwa, haka take gargaɗi. Malamar Turanci ta fara salati. Shugaba ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Ni kuwa zuciyata fari ƙal. Na dubi Nasiru na ce masa ya ɗauka da kyau, ya samu abin turawa abokansa na can, su ga wanda ba a biya kuɗin jirgin sama ba. Ya ɗaga waya yana ɗauka.

Iska tana ta tura mu kusa. Sai dorinar ta juya, wani kai mai furfura ya ɓullo daga bayanta, ya tofar da yawu, ya kare rana da hannu yana dubanmu.

Gora ce. Ƙatuwar gora irin wadda masunta ke riƙewa su yi iyo, ta yi baƙi don tsufa, an ɗaure ta da igiya, ƙullin igiyar biyu su ne kunnuwan. Ɗan dorinar kuwa ƙaramar gora ce ta zuba abin tarko. Tsohon yana bin mamarinsa ne, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, yana cire kifi. Gurnanin da na fassara tarinsa ne.

Ya yi mana sallama, ya gaisa da Kawu, sannan ya ƙura mini ido.

"Wanga ba ɗan Hajo ba ne, mai karatu Yelwa? Kai, ka girma. Mi kuka nema nan da tsakar rana?"

Sai Kawu ya sauke rawani, hawaye na zuba a idonsa, ya ce, "Baba Manu, kai muka zo kallo. Malam ya ce kai macece, kuma kana jego."

Ban taɓa sanin shugabanmu yana dariya da sauti ba sai ranar. Jirgin har tangaɗi yake. Malamin lissafi ya zame ƙasa ya zauna cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi, bai ma sani ba. Baba Manu, da aka yi masa bayani, bai yi dariya ba. Ya dube ni da tausayi ya ce in gaida Innata, wato kafin magariba labari ya riga ya isa gidanmu.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Nasiru. Ya sauke wayar, ya goge bidiyon a gabana ba tare da na roƙe shi ba, ya ce wa mutane shi ma daga nesa dorina ya gani. Ya ce su ma a can sai fita ta biyu suka ga wel ɗin, ta farko amai kawai ya yi ta yi a jirgi. Da ya yi mini dariya kamar kowa da na samu dalilin ƙin sa har abada. Ya hana ni ko wannan.

Da muka koma gaɓa, Kawu bai jira magariba ba, shi ya fara kai wa Inna labari. Inna ta tare mu da fura, ta gaida baƙi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kaina sai ta ce in cire shaddar in huta, tun da na sha aikin kiwon dorina. Kafin Litinin, ɗalibai sun samu labari (ina zargin malamin lissafi). Wata guda cur in na wuce sai na ji wani yana tari a bayana.

Ƙungiyar kuwa ba a ƙwace ba. Shugaba ya ce mu riƙe ta tare, ni da Nasiru, kuma dole in faɗi gaskiya, ta fi tafiya daidai yanzu. Ban ce na warke ba. Makon jiya ya sayi sabon babur, na ji abin nan ya motsa mini a ƙirji kamar yadda ya saba. Sai dai na koyi abu ɗaya: in kishi ya taso mini, ina yin sa a zaune, bakina a rufe, a kan busasshiyar ƙasa, ba tare da na gayyaci shaidu shida da motar makaranta ba.